Ruwan ƙazanta a birnin Tawa

Ruwan ƙazanta a Tawa, babban birnin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, ya haɗa da na wanka, wanki da bahaya. Galibin gidaje sun dogara ga salanga da kwatami, waɗanda ake yashewa da hannu ko da mota idan sun cika. Da damina, ruwan sama kan kwashi dauɗar tituna zuwa tabkuna irin su Babaye, abin da ke haifar da sauro da gudawa.

Hanyar tacewa mai araha ga ƙasar Adar, wadda Tawa ke cikinta, ita ce jerin tabkuna marasa zurfi, inda laka ke kwantawa, rana kuma ta kashe ƙwayoyin cuta. Dokar ruwa ta 2010 ta tanadi kare albarkatun ruwan Nijar daga gurɓata.