Maruwaitan Zari-Ruga a Tsibirin Ailan

Malaman da suka tsara ilimin tantance riwaya sun sharɗanta wa mai ba da labari abu biyu, wato adalci da kiyayewa, domin wanda ya halarci al'amari amma bai riƙe shi daidai ba, da wanda ya riƙe shi daidai amma son zuciya ya karkatar da harshensa, duka biyun ba a gina hukunci a kan maganarsu. Wannan ma'auni, ko da yake an kafa shi ne saboda abin da ya fi wasa daraja nesa ba kusa ba, yana da fa'ida ga mai son auna aikin 'yan jaridar da suka shafe kusan shekara 150 suna rubuta labarin wasan zari-ruga a tsibirin Ailan. Gama tarihin sana'arsu, in an bi shi tun daga tushe, tarihi ne na mutanen da kusancinsu da 'yan wasa ya ba su sani mai zurfi, kuma kusancin nan dai shi ne ya riƙa ɗaure musu alƙalami.

Wasan kansa, wanda ake ɗaukar ƙwallo a hannu a ruga da ita, abokin hamayya kuma ya tari mai ita ya kayar, ya shigo Ailan ne daga makarantun Ingila ta hannun 'ya'yan masu hali. An kafa ƙungiyarsa ta farko a Kwalejin Trinity da ke Dablin a 1854, sa'an nan a watan Fabrairu na 1875 Ailan ta yi karonta na farko da Ingila a birnin Landan, mutum ashirin ashirin a kowane ɓangare, ta sha kashi ba ta ci ko ɗaya ba. A lokacin hukumomi biyu ne ke riƙe da wasan, ɗaya a Dablin ɗaya a Belfast, ba su haɗe ba sai a 1879, sa'ad da aka kafa hukumar IRFU, wadda har yau, duk da raba tsibirin gida biyu da aka yi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ita kaɗai ke zaɓen 'yan wasa daga kudu da arewa.

Abin da ya sa har yanzu ake jin ƙamshin wancan karo na 1875 shi ne alƙalamin wani ɗan jaridar Dablin mai suna Jacques McCarthy, wanda ya rubuta babin Ailan a cikin littafin tarihin wasan da wani limamin Kirista, Frank Marshall, ya tattara a 1892. McCarthy bai rufa wa 'yan ƙasarsa asiri ba: ya bayyana cewa da yawa daga cikin waɗanda aka tura Landan ba su taɓa ganin juna ba kafin ranar, kuma an sa masu tsaron baya a gaba, an mai da na gaba baya. Na tsaya a kansa ne saboda ya nuna cewa tun ranar farko akwai mai iya duban hukuma ido da ido ya faɗi sakacinta, kuma karatunsa bai rasa daɗi ba saboda hakan.

Sai dai ƙasar da wannan wasa ya tsiro a cikinta ba ta bar shi ya zama na kowa ba. A 1884 aka kafa ƙungiyar GAA a garin Thurles domin raya wasannin gargajiyar Ailan, kuma jagoran kafa ta, Michael Cusack, wanda shi ma ya taɓa buga zari-ruga, ya juya ya zama mai kaifin alƙalami a kan wasannin da ake jingina wa Ingila. Daga farkon ƙarni na ashirin har zuwa 1971 dokar ƙungiyar ta haramta wa mabiyanta buga waɗannan wasanni ko ma zuwa kallonsu. Sakamakon haka masu karatu suka rabu tun kafin su buɗe jarida. Jaridar Irish Times, wadda aka kafa a 1859, mafi yawan masu karanta ta a wancan zamani Furotesta ne da lauyoyi da likitoci da ma'aikatan banki, ita ce ta zama gidan zari-ruga. Irish Press kuwa, wadda Éamon de Valera ya kafa a 1931, ta fi ba wasannin gargajiya fili, ko da yake ita ma tana da wakilanta a filin zari-ruga. Marubuci yana rubuta wa mutanen da suka yi makaranta ɗaya da shi, game da mutanen da suka yi makaranta ɗaya da su. Har gasar 'yan makarantar lardin Leinster, wadda aka fara a 1887 kuma Kwalejin Blackrock ta fi kowa cinye ta, jaridun Dablin suka saba ba ta wuri mai faɗi da hotuna, alhali makarantun da ke shan wannan yabo akasarinsu na masu biyan kuɗi ne. Birnin Limerick ne ya saɓa wa wannan ƙa'ida, domin a can ma'aikacin tashar jirgin ruwa da likita suna tura kafaɗa a sahu ɗaya, kuma jaridar garin, Limerick Leader, da irin muryar mutanenta take magana.

A tsawon shekarun da ba a biyan ɗan wasa ko kwabo, wakilin jarida ɗan gida ne. Jirgi ɗaya yake shiga da 'yan wasa, masauki ɗaya, liyafa ɗaya bayan an tashi. Ya san wanda ke ɓoye ciwon gwiwa, ya san abin da masu zaɓen 'yan wasa su biyar suka yi jayayya a kai a bayan ƙofa, kuma ya san iyakar abin da zai buga in yana son a sake buɗe masa ƙofar. Wanda ya fi kowa wakiltar wannan ɗabaƙa shi ne Edmund Van Esbeck na Irish Times, wanda ya gaji Paul MacWeeney, ya kuma riƙe kujerar har Gerry Thornley ya karɓa a ƙarshen ƙarnin. A fannin kiyayewa babu mai ja da shi: sunaye da shekaru da sakamakon wasannin ƙananan ƙungiyoyi duk suna kansa, kuma duk mai binciken tarihin wasan a yau ba shi da makawa sai ya bi ta kan rubutunsa. Amma shi ne kuma hukumar IRFU ta damƙa wa rubuta tarihinta, wanda ya fito a 1974. Ba na tuhumar amanarsa da wannan. Abin da nake nufi shi ne al'adar zamanin ba ta ga wani aibi ba a ce mai sa ido a kan hukuma kowace safiya shi ne kuma marubucin tarihinta da izininta, kuma al'adar da ba ta ga aibi a nan ba, da wuya ta haifi tambayoyi masu zafi.

Saboda haka ne, a ganina, rubutun da ya fi rayuwa a wancan zamani ya fito daga wanda ya ƙi zama a ɗakin 'yan jarida. Con Houlihan, mutumin Castleisland a gundumar Kerry, malamin makaranta ne kafin ya shiga jaridar Evening Press, inda ya riƙe shafin baya har aka rufe ta a 1995. Da hannu yake rubutu a manyan takardu, kuma a tsaye yake kallon wasa cikin taron talakawa masu tikitin araha. Ya buga wasan a garinsu, saboda haka ya san nauyin da ke sauka a wuyan na sahun gaba. Ya karanta adabi, saboda haka ya san yadda ake ajiye jimla inda za ta zauna. Bai damu da riga kowa samun jerin sunayen da aka zaɓa ba. Abin da ya dame shi shi ne ya gaya wa mai karatu yadda ranar ta kasance ga wanda ya biya kuɗinsa ya sha ruwan sama, kuma mutane da dama da ba ruwansu da zari-ruga sun riƙa sayen jaridar dominsa.

Shekaru uku kusa da juna sun gwada sana'ar ta fuskoki dabam dabam. Ranar 31 ga Oktoba 1978 ƙungiyar lardin Munster ta ci New Zealand 12 da 0 a filin Thomond Park na Limerick, kuma shi ne kaɗai wasan da baƙin suka rasa a dukan rangadin. Ba a watsa shi kai tsaye a talabijin ba, ɗan guntun hoto kawai ya saura, sai labarin ya koma hannun baki, kowa yana ƙara masa abin da ya ga dama, har masu da'awar sun halarta suka ninka abin da filin zai iya ɗauka. Sai a 2005 ɗan jarida Alan English ya bi 'yan wasan ɓangarorin biyu ɗaya bayan ɗaya, ya tattara shaidarsu, ya gwama wannan da waccan, ya fitar da littafin da ya raba abin da ya tabbata da abin da ƙauna ta ƙaga. Wannan aiki na muhaƙƙiƙi ne, kuma yana cikin mafi kyawun abin da aka rubuta a kan wasan a Ailan. A shekara mai bi, 1979, masu zaɓe suka ajiye Tony Ward, wanda jama'a ke ƙauna, suka sa Ollie Campbell a gurbinsa na lamba goma a rangadin Ostareliya. Ailan ta ci wasanninta biyu da masu masaukin, amma jaridu suka shafe shekaru suna raba ƙasa tsakanin mutanen Ward da mutanen Campbell, suka gano cewa gardama tana sayar da takarda fiye da sharhi.

Gwaji mafi nauyi ya zo a 1981, sa'ad da hukumar ta yanke shawarar tura ƙungiya Afirka ta Kudu a tsakiyar mulkin wariyar launin fata, bayan kuwa an riga an ga zanga-zangar da ta tarbi 'yan wasan waccan ƙasa a Dablin a 1970, an kuma ga ƙasashen Afirka, har da Nijeriya, sun ƙaurace wa gasar Olamfik ta 1976 saboda irin wannan rangadi da New Zealand ta yi. Gwamnatin Charles Haughey ta roƙi a fasa, hukumar ta ƙi, tana kafa hujja da cewa wasa dabam siyasa dabam. Waɗansu 'yan wasa, cikinsu har da Ward da Moss Keane da Hugo MacNeill, suka ƙi tafiya. Mas'alar ta fi ƙarfin shafin wasanni, ta hau shafin farko da sharhin edita da wasiƙun masu karatu, kuma a nan ne iyakar tsohon salo ta fito fili, domin ilimin sanin wa ya dace da lamba goma ba ya amsa tambayar ko ya halatta a yi wasa a filin da aka ware baƙar fata a kusurwa.

A watan Agusta na 1995, a birnin Faris, aka halatta biyan 'yan wasa albashi, abin da hukumar Ailan ta daɗe tana adawa da shi. Daga nan komai ya juya. Lardunan tsibirin huɗu suka zama ƙungiyoyin sana'a. Ulster ta ɗauki kofin Turai a 1999, Munster a 2006 da 2008, Leinster kuma sau huɗu daga 2009 zuwa 2018. Masu karatu suka yawaita har a garuruwan da a da ba su san wasan ba. Amma ƙofar da ta kasance a buɗe ga wakili ta rufe. Jami'in hulɗa da 'yan jarida ya tsaya a bakinta, ɗan wasa ya koyi yin magana ta minti goma ba tare da ya faɗi komai ba, hira kuma sau da yawa sai ta hannun kamfanin da yake yi wa talla. Kusancin bai ɓace ba, ya sauya hanya ne kurum: tsofaffin 'yan wasa suka cika shafukan sharhi da kujerun talabijin, suna hukunci a kan abokan da suka yi ɗaki ɗaya da su, 'yan jarida kuma suka shiga rubuta wa taurari tarihin rayuwarsu da sunan taurarin. Paul Kimmage, wanda ya yi suna wajen tona asirin shan ƙwayoyi a tseren keke, ya fara irin wannan aiki da Brian O'Driscoll, suka saɓa, ya janye a 2014, Alan English ya ƙarasa.

Ta fuskar fahimtar dabarun wasa, wajibi ne a yi adalci a ce zamanin nan ya fi na da. Marubuta irin su Murray Kinsella na kafar The 42 suna warware wasa daki daki da guntayen hotuna, har mai karatu ya ga dalilin da ya sa rata ta buɗe a wuri kaza, abin da Van Esbeck da tsararsa ba su da kayan yinsa. Inda rauni ya saura shi ne wajen auna yabo. A 2018 Ailan ta cinye duk wasanninta na gasar ƙasashe shida, ta kuma ci New Zealand a Dablin, yabo ya kai maƙura. A gasar cin kofin duniya ta 2019 Japan ta ci ta 19 da 12, New Zealand ta fitar da ita 46 da 14, sai zargi ya zo da irin ƙarfin da yabon ya zo. Ƙungiyar maza ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar cin kofin duniya sau takwas, ba ta taɓa tsallake shi ba, kuma tambayoyin da suka kamata a yi kafin a tafi galibi sai bayan an dawo ake yinsu.

Ƙungiyar mata kuwa, wadda ta cinye gasar ƙasashe shida ba tare da faɗuwa ba a 2013, ta kuma ci New Zealand a 2014, shekara biyu kafin maza su taɓa yin haka, ta daɗe tana samun ɗan lungu a ƙasan shafi, yayin da tsarin da ke riƙe da ita yake lalacewa. Sai da ta kasa samun gurbin gasar duniya a watan Satumba na 2021, sa'an nan a watan Disamba 'yan wasa 62, na lokacin da na da, suka rubuta wa ministocin gwamnati wasiƙa cewa sun daina amincewa da hukumar. Jaridu suka buga abin da ke cikinta, suka bi maganar mako bayan mako ba su sake ta ba, har hukumar ta nemi afuwa a watan Maris na 2022, ta kuma fara ba mata kwantiragin albashi a cikin shekarar.