Lalurar tsige gashi da ƙwaƙular fata: Yadda ake jinyar kai ta intanet

Tsige gashi da ƙwaƙular fata lalurori ne biyu masu kama da juna, inda mutum ke yawan cire gashin kansa, gira ko gemu, ko ya riƙa ɓare ƙuraje da ɓawon miki har jiki ya yi rauni, alhali yana ƙoƙarin dainawa amma abin ya fi ƙarfinsa. Likitan fata ɗan ƙasar Faransa, François Hallopeau, ne ya raɗa wa ta farkon suna tirikotilomaniya a 1889. A 2013 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware ƙwaƙular fata a matsayin cuta mai zaman kanta. Galibi lalurorin kan fara ne a shekarun balaga, kuma kunya kan sa masu fama da su ɓoyewa.

Hanyar jinya da aka fi dogaro da ita ita ce horon sauya ɗabi'a, wanda Nathan Azrin da Gregory Nunn suka gabatar a 1973. Mai lalurar zai fara rubuta lokaci, wuri da yanayin da hannunsa ke kaiwa ga gashi ko fata. Da zarar ya ji sha'awar ta taso, sai ya dunƙule hannu na kimanin minti ɗaya har ta lafa. Ana kuma rage damar aikatawa ta hanyar yanke farce, sanya safar hannu ko rufe madubi.

A Asibitin Jami'ar Hambog ta Jamus, Steffen Moritz da abokan aikinsa sun ɓullo da wata dabara: a fara ɗaga hannu kamar za a tsige gashi, sai a karkatar da shi da sauri zuwa wani wuri, kamar kunne. Ana maimaita hakan kullum domin a karya sabon.

Da yake dabarun ba sa buƙatar kayan aiki, an zuba su cikin darussan intanet da manhajojin waya, irin su StopPulling da StopPicking, waɗanda ke amfanar wanda ke nesa da ƙwararru ko yake jin nauyin bayyana kansa.

Sai dai jinyar kai na da iyaka. Wanda mikinsa ya yi mugunya, ko baƙin ciki ya yi masa katutu, ya garzaya asibiti. Haka ma mai haɗiye gashin da ya tsige, domin gashin kan dunƙule a ciki ya toshe hanji, har ta kai ga tiyata.