Taya da Albarka a Kasuwar Gwanja

A ƙarni na 19, in an ce Bahaushe ya tafi Gwanja, to Salaga ake nufi, garin da ke arewacin ƙasar Gana ta yau. Can ne goron kurmin Asante ke haɗuwa da kanwa da baƙaƙen tufafin Kano da jemammun fatu da dabbobi. Sarakunan Kumasi ba su cika barin fataken arewa su kutsa cikin kurmi ba, saboda haka Salaga ta zama mahaɗa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da wannan fatauci, kuma zuwa da dawowa kan ci kusan shekara guda.

Farke yakan fara ciniki tun bai ga ko ƙwayar goro ɗaya ba. Ayari na tafiya ne ƙarƙashin madugu, jagaba na gaba, kuma kowace ƙasa aka shiga sai an zauna da masu ita an daidaita kuɗin hanya. Masu bi ta Bargu sukan ratsa Nikki da Jugu da Sansanin Mango su faɗo Yendi, fadar Ya Na, sarkin Dagomba. Masu bi ta arewa kuwa sukan keto ƙasar Gurma da ta Mosi, su biyo ta wajen Bawku su hau tudun Gambaga. Kusa da Gambaga ne Nalerigu take, mazaunin Nayiri, sarkin Mamprusi. A nan an raba aiki: sarauta na Nalerigu, kasuwa da malamai da masaukin baƙi na Gambaga. Gwanintar madugu ita ce ya san gaisuwar da za ta ishi kowane sarki. In ya yi rowa a tsare ayari kwana da kwanaki, jakai su rame, guzuri ya ƙare. In ya yi baje-baje kuma, baɗi abin da za a tsaya a kai ke nan.

A Salaga baƙo ba ya zarcewa kasuwa da kayansa. Wajen maigida yake sauka, mutumin da ke ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya yi masa tafinta, ya tsaya masa in za a ba da bashi. Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne, kuma a garin da ake jin Gwanjanci da Dagombanci da harshen Tonawa da na Wangarawa, maganar ba ta da ƙari. Maigida ne ya san ko goro ya yi yawa a makon nan, ya san wane ɗan kasuwa ke cika alkawari. Ƙarƙashinsa akwai dillalai, waɗanda ke karɓar la'ada in ciniki ya faɗa. Ba a rasa dillalin da ke ci ta gefe biyu, amma abin da ke riƙe maigida a kan gaskiya shi ne ayarin baɗi: labarin ha'incinsa zai riga shi isa Kano.

Shi kansa cinikin yana da tsari da kalmominsa, waɗanda har yau ba su mutu ba. Mai saye ne ke tayawa, wato ya faɗi abin da zai iya biya. In tayin bai yi ba, mai kaya ba ya cewa a'a, sai ya ce “albarka”. Kalma ce ta ƙi, amma sanye da rigar addu'a, don haka ba wanda ya ji kunya, ƙofa kuma ba ta rufe ba. Mai saye ya ƙara, a sake cewa albarka, har a kai inda mai kaya zai ce “na sallama”. Daga nan magana ta ƙare, janyewa abin kunya ne ga kowannensu. Abin da ya rage sai gyara, ɗan ƙarin da ake ɗora wa mai saye don daɗin rai. Wanda ya yi tayin wulaƙanci ya nuna bai san kaya ba, wanda ya nuna zumuɗi kuma ya tsadar wa kansa.

Goro ƙirga shi ake yi, ɗari ita ce ƙwarya, kuɗin kuwa wuri ne, wanda ƙirgarsa kaɗai kan cinye yini. Kafin a taya sai an kwance huhu an duba: marsa ne manya ko minu ƙanana, fari ne ko ja, sankara ta taɓa shi ko lafiyayye ne. Duban nan ya fi tayin muhimmanci, domin goron da zai yi watanni a kan jaki, ana kwance shi ana tsincewa ana yayyafa ruwa, in da ɓatacce a ciki zai lalata sauran. Lokaci ma yana cikin farashi, domin a farkon kaka 'yan kasuwar sarkin Asante ne ke fara sayar da nasu kafin a buɗe wa sauran hanya. Ga kuma ƙarancin ruwa a Salaga da rani, duk da ɗimbin rijiyoyinta, har sayensa ake yi. Farken da ya daɗe yana jan ciniki, ribarsa na zurarewa a ruwa da harawa.

Ba goro kaɗai aka taya a wannan kasuwa ba. Salaga babbar kasuwar bayi ce, musamman a shekarun 1880, lokacin da mayaƙan Zabarmawa irin su Babatu ke kai hari ƙasar Gurunsi. Da kalmomin nan masu laushi, taya da albarka da sallama, aka yanke kuɗin mutane. Kabarin Babatu na Yendi.

Faɗuwar garin ta zo daki-daki. Da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874, Gwanja ta ɓalle daga Asante, Asante kuwa ta karkatar da goronta zuwa Kintampo. Bafaranshe Binger, da ya iso a 1888, ya tarar da kasuwar ta riga ta ja baya. A 1892 yaƙin basasa kan sarautar Kpembe ya watsa mazauna Salaga. Cikin waɗanda suka bar garin akwai Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Krachi ya zauna har rasuwarsa a 1934. Masu gidaje da dillalai suka bazu zuwa Yendi da Kintampo da Krachi, daga baya Kumasi da Ankara, suka kafa unguwannin da har yau ake kira zango, sunan da asalinsa wurin da ayari ke yada kaya ne ya kwana.