Wariyar launin fata a ƙwallon ƙafa ta Ingila

Wariyar launin fata a ƙwallon ƙafa ta Ingila na nufin cin zarafin da wasu 'yan kallo suka riƙa yi wa baƙaƙen 'yan wasa, musamman a shekarun 1970 da 1980. Cin zarafin ya haɗa da zagi, kwaikwayon kukan biri da jifa da ayaba. A lokacin, ƙungiyar National Front mai ƙyamar baƙi tana neman mabiya a bakin filayen wasa, kuma gabar da ke tsakanin magoya bayan kulob-kulob ta ƙara rura wutar.

A ranar 29 ga Nuwamba 1978, Viv Anderson ya zama baƙar fata na farko da ya buga wa babbar tawagar Ingila. A ranar 21 ga Fabrairu 1988, an ɗauki hoton John Barnes na Liverpool yana ture ayaba da dunduniya a filin Goodison Park na Everton.

Wata doka ta 1991 ta haramta waƙoƙin wariya a filayen Ingila da Wales. A 1993 aka ƙaddamar da gangamin yaƙi da wariya wanda ya zama ƙungiyar Kick It Out.