Kuka a kasko, da kukokin da Zamfarawa suka bari a kufai

1/ Jama'a, na ga matasa sun fara yayin shuka kuka a kasko, a hana ta girma, a ajiye ta a tsakar gida. Sunan abin bonsai. Ni da na tashi ina ganin kukokin Anka, Gummi da Bukkuyum, ina da magana a kai. Ku biyo ni.

2/ Bonsai dai daga Sin ta samo asali, Japanawa suka karɓa suka ƙawata ta. Ma'anar kalmar: shuka a faranti. Ana datse saiwa da rassa har itace ya tsufa bai wuce kamu biyu ba.

3/ Amma fa mu ma mun daɗe muna sarrafa kuka. Dubi ta bayan gari: duk damina ana sassabe rassanta don ganyen miya, an ɓare gindinta an yi igiya, 'ya'yanta sun tafi kwalba da nono. Siffar da kake gani, hannun mutane ne ya yi ta.

4/ Nan tarihi ya shigo. Kuka na bin mutum. Inda aka sha garin 'ya'yanta aka watsar da ƙwallon, nan take tsirowa. Shi ya sa in ka ga kukoki sun yi cincirindo a daji, ba gida ko ɗaya, to kufai ne. An taɓa yin gari a wurin.

5/ Zamfarawa kuwa sun san ƙaura. Sarauta ta fara a Dutsi, ta koma Birnin Zamfara. A shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci birnin, Gobirawa suka kafa Alkalawa. Sarakunan Zamfara suka bi ta Kiyawa da Sabon Gari, kafin su zauna a Anka a ƙarni na 19.

6/ Ganuwar ƙasa ruwa ke cinye ta, ɗakin kara gobara ce ajalinsa. Kuka kan yi ɗaruruwan shekaru a tsaye. Ko Kukawa ta Borno, wadda Shehu al-Kanemi ya kafa a 1814, daga kuka ta samo sunanta.

7/ A 1352 Ibn Battuta, a hanyarsa daga Walata zuwa Mali, ya ga manyan itatuwa masu kogo. Wani ya tara ruwan sama, wani zuma, wani kuma masaƙi ne zaune a ciki yana saƙa. Masana sun ce kuka ce ya gani.

8/ Sai dai ita ma tana mutuwa. Binciken da aka wallafa a 2018 ya nuna 9 daga cikin kukoki 13 mafi tsufa a Afirka sun mutu, ko sassansu mafi tsufa sun faɗi, cikin shekara 12. Ɗaya a Zimbabuwe ta kai shekara 2,450.

9/ A wajenmu matsalar ta ƙanana ce. Manyan na nan, amma awaki da shanu na cinye masu tasowa tun suna toho. Yaushe rabonka da ganin wani ya shuka kuka ya yi mata shinge?

10/ Ga kuma abin da ya fi zafi. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a yankin nan, mutane sun tattaru a cikin Anka, Gummi da Bukkuyum suna gudun hijira. A idonmu ake yin sababbin kufai.

11/ Don haka ni ban raina kukar kasko ba. Ita ce za ka iya ɗauka ka tafi da ita. Ka kankare bayan ƙwallon, ko ka jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana. Ka shuka a farkon damina, a ƙasa mai rairayi, kaskon da huji a gindi.

12/ Rana take so sosai. Da ta zubar da ganye a hunturu, ka daina ba ta ruwa, don yawan ruwa ke ruɓar da saiwar. Bayan shekara ka rage doguwar saiwar, ka riƙa datse kan, gindin zai yi kauri.

13/ Roƙona: ka shuka biyu, ɗaya a kasko, ɗaya a ƙasa da shinge. Ka tambayi tsofaffin gidanku sunan kukar garinku da wanda ya zauna kusa da ita, ka rubuta. Ku ajiye min sunayen a ƙasa, mu tara. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.