Othello: Taurari da salon wasan Shakespeare mai ƙarshen baƙin ciki

Othello wasan kwaikwayo ne mai kashi biyar da marubucin Ingila, William Shakespeare (1564–1616), ya rubuta wajen shekarar 1603. An nuna shi a fadar Sarki James na Ɗaya a watan Nuwamban 1604, aka fara buga shi a 1622. Tushensa wani labari ne na marubucin Italiya, Cinthio, wanda ya fito a 1565. Wasan ya fara a birnin Venis, ya ƙare a tsibirin Saifurus, inda aka tura runduna ta tare Turkawa. Jigonsa kishi da annamimanci.

Taurari

Othello baƙo ne ɗan Afirka da jarumtarsa ta kai shi matsayin babban kwamandan sojojin Venis. Ya auri Desdemona a ɓoye, mahaifinta Brabantio, ɗan majalisar dattawa, ya zarge shi da yi mata asiri. Rauninsa biyu ne: saurin amincewa da mutane, da shakkar da ke zuciyarsa cewa launin fatarsa da shekarunsa za su sa matarsa ta juya masa baya.

Iago shi ne mai riƙe masa tuta. Ya ƙullace shi saboda ya tsallake shi ya ba Cassio muƙamin mataimaki, alhali a ganinsa Cassio a takarda kawai ya san yaƙi. Iago ba ya fara da babbar ƙarya. Ya sa Cassio ya bugu har aka sauke shi, sannan ya ba shi shawarar ya kama ƙafa da Desdemona. Ta haka duk roƙon da ta yi wa Cassio ya zama hujja a kanta a idon mijinta.

Emilia, matar Iago, ita ta tsinci hankicin Desdemona ta miƙa wa mijinta ba tare da sanin nufinsa ba. Ita ce kuma ta tona asirinsa, ya kashe ta a kan haka.

Salo

Babbar dabarar wasan ita ce sanar da mai kallo abin da taurari suka jahilta. Iago kan tsaya shi kaɗai a dandamali ya faɗi ƙullinsa, don haka duk sa'ad da wani ya yabi gaskiyarsa, mai kallo ya san ana yabon maciji ne.

Hankicin kuwa alama ce. Shi ne kyautar farko da Othello ya ba matarsa, ya kuma ce wata Bamasariya ce ta ba mahaifiyarsa. Da aka gan shi a hannun Cassio, ƙyalle ya tsaya a madadin shaida, aka yanke hukunci ba bincike.

Harshe ma yana nuna faɗuwar tauraron. A farko Othello yana magana cikin tsararrun baitoci masu natsuwa, Iago kuma bakinsa cike yake da ambaton dabbobi da guba. Yayin da zargi ya kama shi, sai kalaman Iago suka koma bakinsa, har a kashi na huɗu maganarsa ta kakkarye, ya faɗi sumamme.

A kashi na biyar ya shaƙe Desdemona a gadonta, gaskiya ta bayyana, ya kashe kansa. Iago ya ƙi bayyana dalilinsa, aka naɗa Cassio ya mulki Saifurus.

An daɗe Turawa ne ke shafa baƙi su fito a matsayin Othello. Ira Aldridge, baƙar fata ɗan Amurka, ya taka wannan rawa a babban gidan wasa na Covent Garden da ke Landan a 1833. A Najeriya, wasan yana cikin littattafan adabin Turanci na jarrabawar WAEC daga 2016 zuwa 2020.