Tarihin Maganin Ciwon Dajin Ƙashi na Yara

Jama'a, akwai wani ciwon daji da kan kama ƙashin yara masu tasowa, galibi kusa da gwiwa. Kafin 1970 likitoci ba su da wata dabara sai yanke ƙafar. Duk da haka cikin yara goma wajen takwas sukan mutu, gama kafin a yanke, ciwon ya riga ya bi jini ya shiga huhu.

Cikin 1948 Likita Sidney Farber na Boston, a Amurka, ya nuna magani yana iya danne dajin jini. Cikin 1972 Likita Norman Jaffe ya ba waɗanda dajin ƙashi ya kai musu huhu methotrexate mai yawa, ciwon waɗansu ya ja da baya. Daga baya aka haɗa shi da doxorubicin da cisplatin, ana sa su ta jijiya kafin aiki da bayansa.

Yau, inda akwai magungunan nan, in ciwon bai yaɗu ba shida ko bakwai cikin goma sukan tsira. In ya yaɗu kuwa, biyu ko uku kaɗai.

To, in yaro ya dinga kukan ciwon ƙashi da dare, ga kumburi, kada a tsaya wurin maɗori. A kawo shi ɗakin shan magani maza, a tura shi babban asibiti.